Fatawa: Sayen Gidan da Ba a Gina Ba Tukuna, da Bambancin Yarjejeniyoyin Kamfanonin Gini

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina son sayen gida mai ɗaki uku a rukunin gidajen da za a gina a Abuja, kuma kamfanoni biyu sun ba ni takardunsu. Na farko ya yanke farashi, a biya cikin wata 18, amma wanda ya makara a biya za a ƙara masa kashi 5 cikin 100, wanda ya fasa kuma a zare kashi 20 daga abin da ya biya. Na biyu ya fi sauƙin kuɗi, babu tarar makara, sai dai ya rubuta cewa zai iya ƙara farashi idan siminti da rodi sun tashi, zai iya sauya kayan gini da makamantansu, kuma "ana sa ran" kammalawa cikin shekara biyu. Wanne ya halatta in sa wa hannu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ɗan'uwa, kada ka sa hannu a ko ɗaya yadda suke a yanzu. Ta farko gyara kaɗan take buƙata. Ta biyu kuwa, wadda ta fi jan hankalinka saboda araha, ɓarnarta a gindin cinikin take.

Asali dai Manzon Allah (SAW) ya ce wa Hakim ɗan Hizam kada ya sayar da abin da ba ya wurinsa. Malamanmu Malikawa sun sa aikin da ake ba mai sana'a da kayansa a babin salam, wato cinikin da ake biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, suka sharɗanta a biya kuɗin gaba ɗaya tun farko, kuma ba su yarda da salam a kan fili ko gida ba. Hanafawa kuwa sun ware shi da sunan istisna'i, wato ka ba mai sana'a aikin abu da kayansa bisa siffar da kuka yi ittifaƙi, hujjarsu ita ce Annabi (SAW) ya sa an ƙera masa zobe, kuma Musulmi ba su gushe suna wannan mu'amala ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke Jidda ta ɗauki wannan ra'ayi: a 1990 ta ambaci istisna'i cikin halaltattun hanyoyin mallakar gida kafin a gina shi, a 1992 kuma ta tabbatar da cewa yarjejeniyar tana ɗaure ɓangarorin biyu, kuma ya halatta a jinkirta kuɗin ko a biya kashi-kashi. Da wannan nake ba ka fatawa, domin buƙatar muhalli ta game mutane, kuma ƙalilan ne ke iya ajiye kuɗin gida a zama ɗaya.

Sai dai wannan sauƙi yana da sharaɗi. Tunda idonka bai ga gidan ba, rubutu ne zai tsaya a madadin gani, don haka dole abu uku su zama sanannu: siffar gidan, farashinsa, da ranar miƙa shi. Kamfani na biyu ya bar duka ukun a buɗe. Farashin da mai sayarwa zai iya ɗagawa shi kaɗai ba sanannen farashi ba ne. "Ana sa ran" ba ajali ba ne. "Makamantansu" kuma, idan shi ne zai yanke abin da ya yi kama da abin da bai yi ba, ba siffa ba ce. Wannan shi ne garari da jahala, wato rashin tabbas da rashin sanin abin da ake ciniki a kansa, da aka hana, kuma ciniki a kansa ɓatacce ne. Na san kayan gini suna tashi, ba na kuma son a zalunci magini. Idan wani abu na ba-zata ya auku, ya halatta ku zauna ku sake farashi da yardar juna, ko alƙali ya shiga tsakani. Abin da bai halatta ba shi ne a ba mutum ɗaya wuƙa da nama tun ranar ƙulla ciniki.

Yanzu ga kamfani na farko. Ƙarin kashi 5 saboda makarar biya riba ce tsantsa, domin kuɗin da ke kanka bashi ne, kuma duk ƙari a kan bashi saboda jinkiri shi ne ribar jahiliyya. Ko da kana da yaƙinin ba za ka makara ba, amincewa da sharaɗin kansa bai halatta ba. Ka nemi a cire shi a musanya da abin da shari'a ta yarda: su dakatar da aiki har ka biya, ko ranar miƙawa ta matsa gwargwadon kwanakin makararka, ko ka kawo mai tsaya maka, ko a warware cinikin bayan gargaɗi a rubuce da wa'adi sananne.

A nan mutane da yawa ke rikicewa, suna zaton kowace tara ɗaya ce. Tarar da ake ɗora wa magini idan ya wuce ranar miƙawa halal ce, saboda abin da ke kansa aiki ne, ba bashin kuɗi ba. Majalisar ta bayyana wannan bambanci a zamanta na Riyad a shekarar 2000, kuma Bukhari ya kawo hukuncin Alƙali Shuraihu cewa wanda ya ɗora wa kansa sharaɗi da son ransa ba tare da tilas ba, to yana kansa. Saboda haka haƙƙinka ne ka nemi a rubuta adadin da za a rage maka a kowane wata na jinkiri, gwargwadon cutarwa ta haƙiƙa kamar kuɗin hayar da za ka ci gaba da biya. Tarar tana faɗuwa idan jinkirin daga gare ka ne, ko daga abin da ya fi ƙarfin kamfani kamar ambaliya. Ka lura yawancin takardun nan suna juya lamarin: tarar da ta haramta suna rubuta ta dalla-dalla, wadda ta halatta ba sa ambatonta.

Zare kashi 20 daga wanda ya fasa yana buƙatar rarrabewa. Kafin alƙalami da ba a mayarwa, Imam Malik da mafi yawan malamai sun hana shi, Hanbalawa sun halatta, Majalisar kuma ta bi su a 1993 da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. To amma wannan adadi ne sananne da aka bayar a farko. Kason da ke girma da yawan abin da ka biya, ta yadda wanda ya fi biya shi ya fi asara, ba na ganin halaccinsa. A rubuta cewa za a cire ainihin asarar da kamfani ya yi tare da hujja, a mayar da saura cikin kwanaki sanannu. Idan kuwa kamfani ne ya gaza, kuɗinka cikakke ne, ba a taɓa ko sisi.

Siffar gida kuma kada ka yarda da hoton talla. A maƙala zanen da hukuma ta amince da shi a jikin yarjejeniya, da lambar fuloti da faɗinsa a murabba'in mita, da girman kowane ɗaki. A faɗi inda za a sa bulo mai inci 9 da inda za a sa mai inci 6, kaurin rodin ginshiƙai da linta, irin kwanon rufi da kaurinsa, wayar lantarki, bututun ruwa, tayil, ƙofofi da tagogi. A bayyana ko gida za a ba ka gamamme ko kango ba filasta, da wanda zai yi sokawe, titi, magudanar ruwa da jawo wuta. Biyan kuɗi ya bi matakin aiki maimakon kalanda: harsashi, linta, rufi, gamawa, kowane mataki injiniyanka ya duba kafin ka saki kuɗi. Rodin da aka rage ba ya ganuwa bayan an zuba kankare.

Gidan yana ƙarƙashin lamunin kamfani har ranar da ka karɓa. Idan ya rushe kafin nan asararsa ce. Ranar karɓa, in ya saɓa siffa, kana da zaɓi: ka ƙi karɓa har a gyara, ko ku sasanta a kan ragi, ko ka warware. Sharaɗin da ke wanke magini daga duk aibin da ya bayyana daga baya ba abin karɓa ba ne, domin shi ya gina, shi ya fi kowa sanin abin da ya binne. Ka nemi wa'adin gyara na wata 12 domin gidan ya ga damina cikakkiya, lokacin ne yoyon rufi, tsagewar bango da danshi ke fitowa, kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin, kamar kashi 5, har wa'adin ya cika.

Kafin duk wannan, lauyanka ya binciki filin a AGIS, hukumar da ke adana bayanan filayen Abuja. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa sauya mallaka yana buƙatar amincewar gwamna, a Abuja kuma ta minista. A tabbatar sunan wa ke kan takardar C of O, wato shaidar mallakar fili ta gwamnati, an ware filin don gidajen zama, kuma ba a jinginar da shi ga banki ba. Takardar alokeshan da kamfani ke bugawa da kansa ba ta kai shaidar mallaka ba, don haka a rubuta irin takardar da za a ba ka, da ranar, da wanda zai biya kuɗin rajista. Idan filin ba na kamfanin ba ne kuma ba shi da izinin mai shi a rubuce, ka janye ko da sauran sharuɗɗan sun yi kyau.

Allah ne mafi sani.