Amsa: VNC na jan ƙafa duk da akwai GPU a sabar Linux

Ɗan'uwa, ka ce umarnin nvidia-smi na nuna GPU ɗin, wato katin zanen hoto, amma hoton 3D na tafiyar hawainiya ta VNC, manhajar da kake ganin allon sabar da ita daga nesa. Fara da buga glxinfo | grep renderer a cikin zaman VNC ɗin. In ka ga kalmar llvmpipe a sakamakon, to CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ke ɗaukar nauyin zanen, katin na zaune kawai. Yawanci VNC shi kaɗai ba ya amfani da GPU. Saka VirtualGL (mai tura aikin zanen 3D zuwa GPU) da TurboVNC (nau'in VNC da ke aiki tare da shi), ka kunna manhajar 3D ɗin da umarnin vglrun. In ya ƙi, duba ko sunanka na cikin rukunin vglusers (masu izinin amfani da VirtualGL), sannan ka fita ka sake shiga. Nan mutane da yawa ke maƙalewa.

In kuma sabar na Turai, kai kana Legas, rage ingancin JPEG a TurboVNC, domin nisan ma na ƙara jinkiri.