Medicaid da likitan haƙori a Amurka

Hajiya, sannu da fama. Kin ce haƙorin yaronki ya yi kogo, ke ma turmi na hana ki barci, ko Medicaid, inshorar lafiyar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, za ta biya?

Na yaron kam ki kwantar da hankali. Dokar tarayya ta wajabta wa kowace jiha kula da haƙorin duk mai Medicaid da bai kai shekara 21 ba, dubawa da hoto da wanki da ciko duk suna ciki. CHIP ma, wato shirin inshorar lafiyar yara, ta wajabta kula da haƙori tun 2009.

Manya ne ke da matsala, don kowace jiha ita ke yanke hukunci. Wasu sai kumatu ya kumbura su cire haƙorin, shi ke nan. Tunda New York kike, kin yi sa'a. Daga 2024 an sassauta sharuɗɗan aikin jijiyar haƙori da sa masa hula, sai dai wani aikin likita zai nemi izini tukuna.

Likitoci da yawa ba sa karɓar Medicaid, kuɗin ya yi musu kaɗan. Ki kira lambar da ke bayan katinki su ba ki sunayen masu karɓa. In fuska ta kumbura da zazzaɓi, asibitin gaggawa za ki nufa.