Tambayi Likita: Me ya sa ba a faɗi matakin ƙarin taimus sai bayan tiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Hoton siti sikan ya nuna ƙari a ƙirjin maigidana, a wurin da suka kira taimus. Na tambayi matakin da ciwon ya kai, aka ce sai an yi aiki. Ko ɓoye mana ake yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya. Ba ɓoye muku ake yi ba. Taimus wata 'yar gaɓa ce a bayan ƙashin ƙirji, gaban zuciya, mai horar da ƙwayoyin garkuwar jiki a ƙuruciya, daga baya ta motse ta koma kitse. Ƙarin da ke fitowa a cikinta yana da ɓawo, kuma tsarin tantance matakinsa da likita Masaoka ya fitar a 1981, wanda likita Koga ya gyara a 1994, a kan ɓawon nan ya dogara. Idan ƙarin bai huda shi ba, mataki na 1 ke nan. Idan ya huda ya shiga kitsen da ke kewaye, na 2. To hudar nan wani lokaci ba ta ganuwa a hoto, ko idon mai tiyata ba ya kama ta, sai an yanka naman an duba a madubin likita. Shi ya sa aka ce ku jira.

Na 3 shi ne ya kama maƙwabta, wato tantanin zuciya, huhu ko manyan jijiyoyin jini. Na 4 kashi biyu ne: ya yi 'ya'ya a tantanin huhu ko na zuciya, ko kuwa ya bi jini da kaluluwa ya tafi nesa. Wasu asibitocin da wani tsarin matakai daban mai suna TNM suke aiki, saboda haka ki tambaya wanne aka rubuta, don lambobin ba sa zuwa daidai.

Idan hoto ya nuna ana iya cire ƙarin gaba ɗaya, galibi ba a tsakuro shi da allura tukuna, gudun fasa ɓawon.

Abin da na fi so ki kula da shi: kusan mutum ɗaya cikin uku masu wannan ƙari suna da cutar raunin tsoka. Idan fatar idonsa tana faɗuwa da yamma, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko haɗiya tana masa wuya, ku faɗa kafin a ba shi maganin barci na tiyata. A yi gwajin jini a shawo kanta, in ba haka ba numfashi na iya gagarar sa bayan aiki. Ko an cire ƙarin tas, za a ci gaba da ɗaukar hoto har shekara 10, domin yana iya dawowa a makare.