Amsa ga mai tambaya kan rigimar Sin da Rasha a kan ɗalibai

Ƙanena ka tambaya wai ta yaya Sin da Tarayyar Sobiyet da duk kwaminisanci suke bi har suka yi cacar baki a kan dukan ɗalibai. To ni a Mosko na yi karatu a shekarun 1980, kuma abu na farko da ɗalibi baƙo ke ganewa a can shi ne ba a zanga-zanga sai da yardar hukuma, in ka ga ɗalibai a titi da kwalaye to daga sama aka ce su fito, har a hostel ake zuwa a rubuta sunayen masu fita.

Abin da kake tambaya ya faru ne ranar 4 ga Maris 1965, kwana biyu da Amurka ta fara ruwan bama-bamai ba ƙaƙƙautawa a Biyetnam ta Arewa. Ɗalibai wajen 2,000, galibi 'yan Sin da 'yan Biyetnam, suka nufi ofishin jakadancin Amurka a Mosko don zanga-zangar adawa da wannan hari. Dama a watan Fabrairu an yi irin ta, aka farfasa tagogi aka watsa tawada a bango, jakadan Amurka Foy Kohler ya kai ƙorafi sosai, shi ya sa wannan karon gwamnati ta jibge 'yan sanda har da na kan doki, da abin ya fi ƙarfinsu aka kawo sojoji, aka yi dambe na gaske aka fasa wa yara kai. Sin ta aika takardar ƙorafi tana neman a ba da haƙuri a hukunta masu dukan, Mosko ta ce 'yan Sin ne suka shirya tsokanar da gangan, a Beijin kuma ɗalibai suka yi dafifi a ƙofar ofishin jakadancin Sobiyet, ɗaliban Sin da suka ji rauni a Mosko aka kwashe su gida aka tarbe su kamar jarumai.

Amma wallahi ba tausayin yaran ne ya dami kowa ba, wannan shi ke min ciwo har yau. Tun zamanin shugaban Sobiyet Kurushof, shugaban Sin Mao ke zargin Rasha da lallaɓa Amurka, to ga hoton ɗan sandan Sobiyet yana dukan ɗalibi don kare ginin Amurkawa, me ya fi wannan daɗi a wajen farfaganda? Ita kuma Mosko ba za ta yarda wata ƙasa ta riƙa juya mata titi ba. Yaro ya baro iyayensa ya zo neman ilimi, an mayar da shi karen farautar manya.

A Janairun 1967 aka sake, ɗaliban Sin da ke komawa gida daga Turai suka tsaya a kabarin Lenin a Mosko suna karanta kalaman Mao, aka yi arangama, sai Jajayen Dakaru, wato matasan Sin masu goyon bayan Mao, suka yi wa ofishin jakadancin Sobiyet a Beijin ƙawanya har aka kwashe mata da yaran ma'aikatan ofishin. Zuwa Maris 1969 harbe-harbe ake tsakanin sojojin ƙasashen biyu a kogin Usuri da ke kan iyakarsu.

Mu ma 'yan Afirka mun taɓa fita, a Disambar 1963 bayan an tsinci gawar wani ɗalibin likitanci ɗan Gana, ɗaruruwa suka shiga Jan Dandali, babban filin da ke tsakiyar Mosko, ba da izinin kowa ba. Manyanmu da muka tarar suna ba da labarin nan da alfahari, don ita wannan ba wata gwamnati ce ta tura su ba.