Ciwon gwiwar hannu da ƙwallon da ke karkata dama: shin hannun hagu sai ya sandare?

Tambaya: Salam Koci. Shekarata 54, wata takwas ke nan da fara golf a nan Zariya bayan na yi ritaya. Tun ranar farko aka ce min kada in yarda hannun hagu ya lanƙwashe ko kaɗan, na bi, amma har yau in na buga direba, wato doguwar sandar bugun nesa, sai ƙwallon ta yi dama ta shige ciyawa, ga shi yanzu gwiwar hannun hagu ta waje na min zafi, ko buta na ɗauka sai na ji ta. Wani abokina ya ce filen suwin ɗina ne ya lalace. Ina tsoron kada dai in haƙura da wasan. Daga wani mai karatu a Sabon Gari.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Ka kwantar da hankalinka, ba barin wasa za ka yi ba, amma ka ajiye sanda na sati biyu zuwa uku, in zafin bai sauka ba ka je wajen masu fisiyo a asibitin koyarwa na Shika su duba, kada ka tsaya kemis ana ba ka maganin kashe zafi kana komawa fili.

Abokinka ya yi gaskiya rabi. Suwin shi ne kaɗa sanda don bugun ƙwallo, filen nan kuma ba wani abu ba ne illa hanyar da sanda ke bi a karkace daga ƙwallo ta zagaya bayanka ta dawo. Shahararren ɗan golf na Amurka Ben Hogan a littafinsa na 1957 ya kwatanta shi da faffaɗan gilashi da aka jingina daga ƙwallo zuwa kafaɗunka, hannuwa su yi ta tafiya a ƙarƙashinsa kada su fasa shi. Direba doguwa ce, kana nesa da ƙwallo, sai hanyar ta kwanta, gajerun sanduna kuma tasu ta fi miƙewa tsaye. Tsayuwarka da juyin kafaɗa su ke tsara wannan, hannu bin su yake yi.

Yanzu maganar hannun hagu, wallahi wannan magana ta ishe ni. Kusan kullum sai na ga mutum ya zo fili ya sandare hannu kamar taɓarya, jijiyoyin wuya duk sun tashi, in ka tambaye shi sai ya ce kadi, wato mai ɗaukar jakar sanduna, ne ya faɗa masa ko a YouTube ya gani. Miƙewa daban, sandarewa daban. In ka ƙulle gwiwar hannu, riƙonka zai yi tsauri, wuyan hannu ba zai karye yadda ya kamata ba, kafaɗa ba za ta gama juyawa ba, to da ka kai sama ba ka da sauran hanyar samun ƙarfi sai ka wurgo kafaɗar dama gaba, sanda ta fito ta waje ta yanko ƙwallon zuwa ciki fuskarta a buɗe, shi ne silayis ɗin da ke kai ka ciyawa. Sannan ka tuna ƙasarmu, in hunturu ya shiga fili ya bushe ƙamas kamar daɓe, duk sanda ka sari ƙasa da ƙullallen hannu girgizar nan ba inda za ta sauka sai jijiyar gwiwar. Na san wani dattijo da ya yi ta haka har hannun ya kumbura, aka kai shi wajen mai ɗori aka yi ta murza masa alhali ba karaya ba ce, ya shafe damina guda bai taɓa sanda ba, abin har yanzu yana min ciwo. Ƙwararren ɗan wasa Jordan Spieth hannunsa na hagu a ɗan lanƙwashe yake a sama, kuma da shi ya ci manyan gasannin Masters da US Open a 2015. Jim Furyk kuwa in ka ga yadda yake ɗaga sanda sai ka ce bai taɓa ganin koci ba, amma ya gama ramuka 18 da bugu 58 kacal a 2016, saboda wajen saukowa sandarsa kan dawo kan hanya. To wa ya ce maka kai mai shekara 54 sai ka fi su tsauri?

In hannun ya warke, ka ɗauki ayon bakwai, wato sandar ƙarfe mai lamba bakwai, ka maƙale ƙaramin tawul a hammatanka biyu, ka riƙa rabin suwin a hankali, ƙirji na juyawa hannu na bi, kada tawul ɗin ya faɗi. Ka sa yaro ya tsaya bayanka da waya daidai tsayin hannuwanka ya ɗauke ka, lokacin da hannun hagu ya yi daidai da ƙasa ka duba gindin sandar, ya kamata ya nuna layin ƙwallo ko ɗan ciki kaɗan. Sai ka ajiye hular da ake rufe kan direba da ita a ƙasa ta wajen ƙwallon, ɗan baya kaɗan, in ka taɓa ta wajen saukowa to har yanzu ta waje kake zuwa. Ƙwallo talatin a rana ta isa, kuma ka ɗora su kan ti, wato ɗan tsinken da ake kafawa a ɗora ƙwallo, tukuna har ƙasa ta yi laushi. Direbar nan a bar ta cikin jaka har wata guda, Alhaji.