Rumfar baje koli da za ta kai baɗi: amsoshin tambayoyinku

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, aka fara haramar kasuwar baje koli ta ƙasa da ƙasa da ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, KACCIMA, ke shiryawa a filinta na titin Gidan Zoo, tambayoyi kan rumfa sukan yi yawa. Ga huɗu daga cikinsu.

Wata Hajiya mai sana'ar turaren wuta da humra daga Gwammaja ta rubuto cewa: "Shekara biyu a jere kafinta yana haɗa min rumfa da katakon MDF. Takan yi kyau ƙwarai, amma da an tashi kasuwa an kwance ta, shi ke nan ba ta sake moruwa. Bana ina son wadda zan kai har baje kolin Kaduna. Me zan saya?"

Hajiya, barka da ƙoƙari. Kwanakin cin kasuwa ba su suke kashe rumfa ba. Abin da ke cinye ta shi ne ranar kwancewa, da lodi a kurkura, da watannin da za ta yi a jingine a sito. Saboda haka duk abin da za ki saya, ki fara tambayar kanki: sau nawa zai jure a ɗaura shi a kwance?

MDF garin katako ne aka kwaɓa da gam aka danne. Fuskarsa sumul, fenti yana hawansa da kyau, shi ya sa kafintoci ke son sa. Amma sukuru sau ɗaya yake kama shi da gaske. A karo na biyu ramin ya faɗaɗa, musamman a gefe. Ga nauyi, ga tsoron ruwa. Kada ki ce ai ba a ruwan sama a ƙarshen Nuwamba. Ruwan da yara ke yayyafawa kowace safiya don kwantar da ƙura ya isa ya kumbura gindinsa, kuma MDF idan ya kumbura ba ya komawa.

Ki zuba kuɗinki a ƙashin rumfar, wato firam. Ki tafi Ƙofar Ruwa tare da mai waldar da zai yi aikin, ku sayi bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, kaurinsa kada ya gaza milimita 1.5. Akwai mai sirantaka da ake sayarwa da araha, a ido kamar ɗaya ne, amma walda na huda shi, kuma gwiwa ɗaya a wajen lodi ta isa ta lotsa shi. Idan kin samu wanda aka yi wa rufin galbanaiz mai hana tsatsa, madalla. Idan baƙin ƙarfe ne, a fara shafa masa jan fentin hana tsatsa kafin a sa kalar da kike so, a kuma bi duk inda aka yi walda, don daga nan tsatsa ke farawa.

Ga wurin da nake so ki tsaya kai da fata: kada ki yarda a haɗe rumfar gaba ɗaya da walda. Masu walda da yawa sun fi son hakan don ya fi sauri, amma ranar tashi sai an kawo injin yanka, kuma kowane yanka rage rayuwar ƙarfen ne. A yi ta bango-bango, kowanne ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsayi, a riƙa haɗa su da noti da ƙusa mai zare. Awon ba na ganin dama ba ne: haka faifan filawud yake zuwa daga kamfani, don haka babu yanka, babu asarar guntaye, kuma mutum biyu za su iya ɗaukar bango ɗaya. A rubuta wa kowane yanki lamba da fenti ta baya. A Kaduna ba lallai ki samu wanda ya ƙera ta ba, lambar ce za ta nuna wa yaranki me ke bin me.

Filawud kuwa, a 'Yan Katako na Na'ibawa kada ki tsaya kallon fuskarsa, ki duba gefensa. Mai kyau za ki ga shimfiɗunsa a jere, a matse, babu ramuka a tsakani. Na bango mai kaurin milimita 9 ya wadatar tunda ƙarfe ne ke riƙe da shi. Tebur da kantar da za su ɗauki kwalaben humra kuwa, sai mai milimita 18. A toshe gefuna da fenti ko banish, a kuma yi wa firam ɗin 'yan ƙafafu yadda katako ba zai taɓa ƙasa ba.

Sai abin da ba ki tambaya ba, amma sana'arki ta sa dole in faɗa. Kasko da garwashi za su yini a rumfar nan. Ki sa a yi masa mazauni na ƙarfe ko na tayil, nesa da labule da bana, wato ledar talla mai rubutu. Duk wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta yi a 2016 ba ya wasa da wuta a inda rumfuna ke manne da juna.

Wani matashi mai sayar da kayan sola ya ce abokansa sun ba shi shawarar alminiyam, yana tambaya ko ya fi ƙarfe.

Malam, ya danganta da yawan tafiyarka. Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, ba ya jan tsatsa, kuma idan kana zuwa Kaduna da Abuja da Legas, abin da za ka rage a kuɗin mota da 'yan dako zai biya bambancin farashin. Aibinsa biyu ne. Idan ya lanƙwashe ko ya tsage, ba kowane mai walda na bakin titi ne zai gyara shi ba, yana da injinsa na daban. Sannan rashin nauyin nan a fili buɗaɗɗe haɗari ne: iskar hunturu na iya ɗaga rumfa ta kife kan ta maƙwabci. Dole ka ɗaure ƙafafunta da buhunan yashi. Idan a Kano kaɗai kake baje kaya sau ɗaya a shekara, ka zauna a kan ƙarfe, kuɗin da ya rage ka sa a wayar lantarki mai kyau, mai murabba'in milimita 2.5 ga soket, a cikin bututun roba, ba a rataye a jikin firam ba.

Wani Alhaji mai kamfanin man gyaɗa a Sharaɗa yana kukan cewa tamfol da banarsa ba sa wuce baje koli ɗaya.

Ranka ya daɗe, shuɗin tamfol ɗin nan mai kama da buhu ba don zaman rana aka yi shi ba. Rana na gasa shi har ya riƙa marmashewa a hannu. Ka nemi mai kauri na roba, irin wanda manyan motoci ke rufe kaya da shi, ka zaɓi fari ko ruwan madara don baƙi da kore mai duhu suna tara zafi. A ƙarƙashinsa ka shimfiɗa asabari ko zana, ka bar tazara tsakaninsu iska ta riƙa wucewa. Mai saye yakan daɗe a inda ya ji sanyi, kuma kayan nan namu na gida ba su da tsada, idan sun tsufa ka sauya.

Batun banar kuwa, rabin laifin ba na kayan ba ne. Ana buga shekara da farashi da lambar rumfa a jikin babbar bana, sai ta mutu da kanta ranar rufe kasuwa. Babbar ta ɗauki sunan kamfani da tambari da lambar waya kawai, sauran a ƙaramin allo. A sa mata zobban ƙarfe a gefe a ɗaure da igiya, ba a kafe ta da ƙusa ba, kuma a naɗe ta a jikin bututu, kada a ninke, don layin ninki ne ke fara tsagewa. A daɓe ma kada ka sa kafet, rumbun ƙura ne. Ledar ɗaki mai kauri tsumma ɗaya ya ishe ta.

Ta ƙarshe daga wata ɗaliba ce mai yin takalman fata, wadda bana ne zuwanta na farko: ta ƙera ko ta yi haya?

'Yata, ki yi haya. Ba ki riga kin san girman wurin da ya dace da ke ba, ko ta wane gefe jama'a ke ɓullowa. Ki sayi tebur mai naɗewa da kanta ɗaya mai kyau, waɗanda za su yi miki amfani a gida ma. Ki zagaya ranar da ake kwance rumfuna ki ga waɗanda suka fita lafiya, ki tambayi masu su wa ya ƙera musu. Idan kin ƙera taki baɗi, ki ajiye katakon a kwance a kan bulo, nesa da bango saboda gara, notinan kuma a gwangwani ɗaya da ɗan baƙin mai.