Amsa ga ƙanwarmu mai shirin tafiya Riga: yadda ake godiya da harshen Latbiya

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki cewa kin samu gurbin karatun likitanci a Riga, babban birnin Latbiya, kina son sanin yadda ake cewa "na gode" da harshensu, kuma kina tambaya ko Turanci da ɗan Rashanci za su wadatar. Allah ya sanya alheri. Na yi shekaru a garin nan ina karatu, bari in gaya miki abin da na gani.

Kalmar ita ce paldies. Ki furta ta kamar "pal-diyes", ki ɗora nauyin murya a kan gaɓa ta biyu. Wannan wurin ne baƙi ke kuskurewa, domin kusan duk kalmomin harshen a gaɓar farko ake danna su, amma paldies ta fita daban, ita da labdien, wato barka da rana. In alherin da aka yi miki babba ne, sai ki ce liels paldies, godiya mai yawa ke nan.

Abin da ya sa kalmar ta kwanta mini a rai shi ne asalinta. Malamar da ta koya mana harshen ta rubuta a allo cewa paldies ta samo asali ne daga palīdz Dievs, ma'ana Allah ya taimaka. Yau da gobe aka yi ta haɗiye ta har ta dunƙule ta zama kalma ɗaya. Ranar na ji kamar an mayar da ni gida. Mu ma ai godiyarmu ba ta cika sai an haɗa da addu'a: Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Yawancinsu yanzu ba sa tuna Allah idan suna faɗinta, ta zama kalmar yau da kullum, amma ni duk lokacin da na faɗe ta da niyyar addu'ar nake faɗa.

Sai ki kula da bambancin tev da jums. Paldies tev ta ƙawa ce da yaro da wanda kuka saba. Paldies jums, ana karanta ta "yums", ta malami ce da dattijo da duk wanda ba ki sani ba, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Kada ki yi gaggawar sauka zuwa tev, ki bari su fara. A asibiti kuwa, inda za ki riƙa hulɗa da tsofaffi marasa lafiya, jums ɗin nan ita ce mutuncinki.

In kina son faɗin abin da kike godiya a kai, ki ƙara par: paldies par palīdzību, na gode da taimako, paldies par visu, na gode da komai. Akwai pateicos, amma ta wasiƙa ce da jawabi, ba ta bakin kasuwa ba. Idan ke aka gode wa, ki ce lūdzu, ki ja wasalin "u" na farko, ko ki ce nav par ko, daidai da "ba komai" ɗinmu. Lūdzu ɗin ita ce kuma "don Allah", ita mai shago zai ce yana miƙo miki kaya. Kuma ki haddace nē, paldies, a'a na gode, don za ki buƙace ta: naman alade ya yi yawa a abincinsu, kuma ana miƙa wa baƙo giya don karramawa. Ki faɗa da sakin fuska, ba wanda zai ji haushi.

Yanzu maganar Rashanci, wadda ita ce ta fi damuna a tambayarki. Gaskiya ne za ki ji shi ko'ina a Riga, kuma masu jin sa a matsayin harshen gida suna da yawa. Amma kada ki tari mutum da spasibo, wato "na gode" da Rashanci, ba ki san ko wane ne ba. A watannina na farko na faɗa wa tsohuwar da nake haya a gidanta, bayan ta kawo mini bargo da sanyi ya shigo. Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni, ta ce a hankali, "Paldies," ta tsaya har sai da na maimaita. Daga baya na fahimci dalili. Ƙasar ta yi kusan shekara 50 a hannun Tarayyar Sobiyet kafin ta kuɓuta a 1991. A watan Maris na 1949 kaɗai an kwashe sama da mutum 40,000 zuwa Saibiriya, kuma a ƙidayar 1989 'yan asalin Latbiya kashi 52 cikin ɗari kacal suka rage a ƙasarsu. A 2012 da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan mayar da Rashanci harshen hukuma na biyu, kusan kashi 75 suka ce a'a. Mutanen da ba su kai miliyan biyu ba, harshen nan shi ne abin da suka riƙe. Ki fara da paldies. Wanda Rashanci ne harshensa ma ya san ta, zai amsa miki.

Wani abu da ya ba ni wahala shi ne gajerta godiyar. Mu mun saba mu gode yau, gobe mu ce "mun gode da jiya", mu aiko ɗan'uwa ya ƙara. Su sau ɗaya suke yi, su dubi idonki, shi ke nan. In kika yi ta maimaitawa sai ki ga mutum ya takura, ya rasa inda zai sa kansa. Kada ki ɗauka rashin fara'a ne, haka tarbiyyarsu take. Inda suke zuba godiya sosai shi ne a furanni. Idan an gayyace ki gida, ki riƙe furanni, amma adadinsu ya zama mara: uku, biyar ko bakwai. Mai cika biyu-biyu na makabarta ne.

Wurin gwaji kuwa, ki je babbar kasuwar Riga, Centrāltirgus, wadda ke cikin manyan rumfunan nan da ke kusa da tashar mota da kogin Daugava. Ki sayi baƙin burodinsu, rupjmaize, da ɗan zuma a wurin matan da ke sayarwa. Nan na fara jin wata ta amsa mini da lūdzu tana murmushi, har ta yanko mini ɗanɗanon cuku. Idan kin samu ranar tafiya ki sanar da mu, in rubuto miki gaisuwar safe da ta yamma da kalmomin da za ki fi buƙata a ɗakin marasa lafiya.